Kawu Darakta a Shagon Askin Baba

Kawuna, ƙanen Umma, tun da ya iya magana ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". In ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa zuwa ba, zai kwatanta maka har da inda ramuka suke. Ya taɓa gyaran rediyo, rediyon mutane ya koma kukan injin niƙa. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka watsu gidajen maƙwabta neman mafaka. A bana kuma sai ya wayi gari da kyamarar bidiyo rataye a wuya, aro daga wani abokinsa, ya yi shela cewa daga ranar sunansa Darakta.

Ni lokacin dariya ta yi mini nisa. Baba bai daɗe da rasuwa ba, Allah ya ji ƙansa, kuma mai ginin da shagon askinsa ke ciki ya ce mu kwashe kaya kafin wata ya mutu, zai ba wani mai sayar da takalma. Shagon ɗan ƙarami ne: kujerar aski mai juyawa, manyan madubai biyu suna kallon juna, benci, da ƙusar da Baba ke rataye farar rigarsa ta aiki. Can na girma, da makaranta ta gagare ni ma can na koma ina share gashi. Da safe rana kan leƙo ta ƙofa ta zauna a kujerar, kamar ita ma aski ta zo. Ba mu da Baba a bidiyo ko na ƙiftawar ido, don haka na ƙudurta in ɗauki shagon a wayata yadda ya bar shi, kafin fenti ya cinye komai.

Na faɗa wa Umma haka a tsakar gida, ban lura Kawu na bayan ƙofa yana suɗe kwano ba.

"A waya?" Ya fito hannu duk mai. "Mijin yayata guda za ka ɗauka a waya, kamar hatsarin mota a bakin titi?"

"Kawu, abin tunawa kawai nake so."

"Darakta."

"Kawu Darakta."

"Fim za a yi, yaro. Fim irin na silima, wanda mutum zai shiga da ƙafarsa a fito da shi a riƙe."

Umma ta ɗago daga wankin da take yi, ta dubi ƙanenta. "Auta, hoton da ka ɗauke ni bara, babu kaina a ciki."

"Yaya, wancan salo ne."

"To wannan karon a yi salon da ake ganin mutum."

Washegari da hantsi muka buɗe shago. Tela maƙwabcinmu ya leƙo, awo a wuya. Tsohon Direba ma ya iso, aminin Baba, mutumin da babu ko silin gashi a kansa amma kullum sai ya zo a yi masa "gyara". Tun rasuwar bai fasa zuwa ba, sai dai a bakin rufaffiyar ƙofa yake zama.

Kawu ya fara da kafa doka. Ya ɗauko robar wanke kai ya zagaya da ita. "Kowa ya sa wayarsa a nan. Ba a ɗaukar fim waya na kuka." Ya ajiye robar a bakin ƙofa. Na so in ce a bar ni in fara ɗaukar nawa, ya ce in an gama na manya sai in yi wasan yarana.

Daga nan ya hau saita kyamara, yana bayani da ƙarfi don masu wucewa su ƙaru.

"Na farko, mun kashe otomatik. Otomatik na ragwaye ne. Na biyu, hoto ashirin da huɗu za ta riƙa ɗauka a kowace daƙiƙa."

"Iyakarta ke nan?" in ji Direba.

"Tana iya talatin, tana iya sittin."

"To me ya hana?"

"Ashirin da huɗu shi ne silima. Talatin na masu karanta labarai ne."

Tela ya ce, "Ikon Allah. Wato ku a sana'arku wanda ya rage shi ne gwani. Ni in na rage yadi, har gida ake biyo ni da zagi."

"Shi ya sa kai tela ne, ni Darakta."

Ya murɗa wani abu, ya ce ya buɗe idon kyamara har ƙarshe, domin mutum ya fito raɗau, bayansa kuma ya narke kamar man shanu. Muka leƙa ɗan allon da ke gefenta. Fari fat, ba mutum, ba baya.

"Ya narke kam," in ji Tela. "Har da mu."

"Haske ne ya yi yawa. Akwai wani baƙin gilashi da manya ke sawa a gaba, na baro nawa a..." Bai faɗi inda ya baro shi ba. Idonsa ya sauka kan baƙin tabaran Direba.

"Kul," in ji Direba. "Da wannan na yi tuƙin shekaru ban taɓa buge ko akuya ba."

"Saboda amininka fa."

Tsohon ya cire ya miƙa, yana ƙifta idanu kamar an tone ɓera. Kawu ya ɗaure tabaran a bakin kyamara da robar ɗaure gashi. Shago ya bayyana a allo, amma toka-toka, kamar an jiƙa shi a ruwan wanki.

"Ina kalar ta tafi?" na tambaya.

"Ni na cire. Ɗanyar kala ake ɗauka, daga baya a dafa ta a kwamfuta."

"Kana da kwamfuta, Kawu?"

"Kai kana da tambaya."

Sai ya tsaya yana kallon allon, fuska a yamutse. Wai har yanzu bai yi kama da fim ba. Can ya buga cinya. Fim na gaske, in ji shi, yana da baƙin layi sama da ƙasa. Ya aiki Tela ya kawo baƙin salatif, ya yanka biyu, ya manna a saman allon da ƙasansa.

"Kawu, ka rufe 'yan rubuce-rubucen da take nunawa, har da jan ɗigon nan."

"Rubutu na 'yan koyo ne. Direba, kai kana kallon allon mota in kana tuƙi?"

"Ina kallo mana. Wanda ba ya kallo yana kabari."

Kawu bai ji wannan ba, ya riga ya gano wani sabon saiti, wanda ke sa komai ya yi tafiyar hawainiya. Ya ce duk fim ɗin haka za a ɗauke shi, saboda baƙin ciki ba ya gudu. Ya daddanna maɓallai na gwaji, ya ɗaga hannu sama. "Kowa ya yi shiru! Mu je!"

Ni aka fara da ni. Ya ciro farar rigar Baba daga ƙusa ya ce in sa. Har yanzu tana ƙanshin hodar da yake shafa wa mutane a ƙeya. Na sa. Aikina in shigo daga ƙofa in dafa kujera in kalli sama.

"Tsaya! Kana tafiya kamar ka haɗiye muciya. Sake."

Na sake.

"Tsaya! Cewa na yi ka kalli sama da baƙin ciki, ba kamar mai neman inda rufi ke yoyo ba."

"Yana yoyon kuwa," in ji Direba. "Daidai nan."

Muka yi ta yi har ƙafata ta gaji. Daga nan aka zaunar da Direba a benci ya yi magana kan Baba. Na zaci shirme zai yi. Sai tsohon nan ya dafa gwiwa ya ba da labarin lokacin da matarsa ta rasu, yadda ya kasa zaman gida, Baba ya riƙa zaunar da shi a kujera yana zagaya masa almakashi a kan da babu komai, yana ƙyas-ƙyas a iska, don dai ya samu dalilin fitowa kullum. Har Tela ya goge ido da awonsa.

Ana cikin haka Umma ta iso. Ba ta taka shagon ba tun ranar rasuwar. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe, sannan ta shigo ta zauna a kujerarsa.

"Sau ɗaya zan yi, Auta. Ka tabbata abin nan yana ɗauka."

"Yaya, a hannun wa yake?"

"Abin da ya sa na tambaya ke nan."

Ya danna. Ta yi magana a hankali, idonta a madubi, ba a kyamara ba. Ta faɗi yadda suka sayi kujerar nan kafin su sayi gado, da yadda yake dawowa gida da gashin mutanen unguwa a aljihu. Ta yi masa addu'a. Ta tashi ta tafi ba ta waiwaya ba. Na ce a raina, ko Kawu ya ɓata komai, in dai wannan ya shiga, na yafe masa kajin ma.

Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Amma Kawu ya ce saura ɗaukar da kyamara ke zagaya ɗaki, wadda ke sa tsikar jikin 'yan kallo ta tashi. Tunda babu keken da manya ke ɗora ta, sai ya haye kujerar aski ya naɗe ƙafafu, ya ce Direba ya juya shi a hankali.

"Giya ta nawa?"

"Ta ɗaya, Baba Direba. A hankali."

Mutumin da ya yi rayuwarsa a babbar mota bai san a hankali ba, ga shi kuma babu tabarau. Ya kama kujera ya wulwula. Kawu ya wuce ta gabanmu, ya sake wucewa, ya sake wucewa, kowane zagaye da kalma guda: "Tsaya!... Birki!... Wayyo!"

"Ba ta da birki!" in ji Direba. "Sai dai ta gaji!"

Da ta gaji, Kawu ya sauko ya nufi ƙofa, ƙafafunsa suka kai shi bango. Ya rungumi madubi ya ce da hotonsa, "Malam, matsa." Tela ya yi dariya har ya ce cikinsa ya ƙulle, ya koma shagonsa yana riƙe da ƙugu.

Da jirin ya sake shi, sai wata dabarar ta zo. Hasken da ke shigowa ta ƙofa, in ji shi, ba zai fito kamar igiyoyin zinariya ba sai da hayaƙi a ɗaki. Ya ajiye kyamara a benci ya fita neman ashana, ni kuma na tsaya gyara abin da suka hargitsa. Ya dawo da kwali, ya cusa a bokitin shara na ƙarfe, ya ƙyasta. Bai duba abin da ke ƙasan bokitin ba. Sharar shagon aski kuwa gashi ce.

Wanda bai taɓa jin warin ƙonannen gashin mutum hamsin ba, Allah ya sa ya mutu bai ji ba. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙi, mai maiƙo. Direba ya fita da rarrafe. Kawu na tsakiyar ɗaki riƙe da kyamara yana tari yana ihu, "Ga shi nan! Ga silima!"

Tela bai san da dabarar hayaƙi ba. Ya ga baƙin abu na fita ta ƙofarmu, ya kurma ihun gobara, ya suri bokitin ruwan gugarsa ya sheƙo daga waje. Rabi ya samu Kawu a ƙirji, ya dai ɗaga kyamara sama ta tsira. Sauran rabin ya sauka cikin robar wayoyi. Na ga tawa tana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa, ta yi fari sau ɗaya ta mutu.

Kafin hayaƙin ya washe, layin ya cika, har da mai ginin, yana toshe hanci da hula.

"Wa ke ƙona min gini?"

"Ranka ya daɗe, fim ake ɗauka," in ji Kawu, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Fim? To ga ƙarshensa. Na ce ƙarshen wata don darajar marigayi, amma yau ɗin nan za ku fita, kafin ku ɗauki kashi na biyu."

Kafin la'asar an kwashe komai. Aka kai kujera gida, madubai suka tafi wurin wani mai aski, kashegari masu fenti suka shiga. Na wuce na leƙa, har ƙusar sun cire. Abin da ya rage na shagon Baba a duniya yana cikin kyamarar Kawu, shi kuwa ya hana kowa gani. Shi kansa bai duba ba. Wai babban darakta tare da jama'a yake ganin aikinsa.

Ya kuwa tara jama'ar. Ya bi layi gida-gida yana gayya, har mai ginin. Aka haɗu da rana a shagon Tela, saboda yana da babbar talabijin ta kallon ƙwallo. Aka rufe taga da yadin mutane. Umma na gaba, ni ina gefenta a tsugune. Kawu ya naɗa gyale a wuya cikin wannan zafi, ya yi jawabi kan wahalar da masu basira ke sha a hannun jahilai, ya roƙi mata su riƙe kukansu kada su dami na baya. Sannan ya jona waya ya danna.

Abu na farko da ya fito ƙasa ce. Siminti, toka-toka, da yatsun ƙafar wani.

"Ƙafata ce!" in ji Direba. "Na gane farcen."

"A ƙara murya," wani ya ce daga baya.

Tela ya ƙure murya. Shiru. Ashe saitin tafiyar hawainiya ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, kuma kyamarar ta yi ta nuna alamar haka, a ƙarƙashin salatif.

"Fim ɗin kurame ne," in ji wata mai kitso. "Da ka faɗa mana, da na zo da kakata."

"Ku yi haƙuri, shimfiɗa ce," in ji Kawu. Muryarsa ta ɗan sirance.

Hoton ya ɗago a hankali ya faɗa madubi. Da yake madubai biyu ne ke kallon juna, sai ga Kawu, bayansa Kawu, bayansa wani Kawun, jere har inda ido ya ƙare. Dukansu suka ɗaga riga a tare, a hankali, cikin natsuwa, suka sosa tumbi. Sannan dukansu suka kai yatsa hanci.

Shagon Tela ya kusa tsagewa. Mai ginin ya zame daga kujera. Mai kitso tana dukan bayan wanda ba ta sani ba.

"Ɗaya ma ya ishe mu," in ji Tela, "ka kawo mana runduna!"

Haka aka yi ta tafiya. Duk sanda aka ga Kawu ya ɗaga hannu zai ce mu je, sai hoton ya yanke. Sai ya dawo kan rufi, ko hammatar Kawu, ko Direba yana hamma mai tsawon tafiyar ƙasa. Tela ne ya fara ganewa.

"Kai! A juye ya yi ta dannawa! In ya ce an fara, kashewa ya yi. In ya ce a tsaya, sannan ya kunna!"

Tun wurin gwaji ya bar ta a kunne, kuma jan ɗigon da zai gaya masa tana ɗauka yana ƙarƙashin salatif ɗin silimarsa.

Aka ga Umma ta shigo daga ƙofa, dishi-dishi, ta nufi kujera. Aka ga ta buɗe baki. Hoton ya yanke. Da ya dawo, bayanta ne tana fita.

Dariyar ta ragu, ta mutu. Umma ta dai gyara mayafinta. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina jin kamar yau aka sake fitar da Baba daga gida. Kawu ya fara laluben ƙofa da ido.

Sai hoton ya daina rawa. Lokacin da ya ajiye kyamarar a benci ne ya tafi neman ashana, yana zaton a kashe take. Ga shagon nan gaba ɗaya, a karkace kaɗan, komai ya narke, babu abin da ya fito sosai. Ga kujera, ga hasken ƙofa kwance a kanta. Wani mutum cikin farar riga ya shigo hoton, fuskarsa ba ta ganuwa. Ya ɗauki tawul ya kaɗe shi, ya buga wa kujera sau biyu, ya juyo da ita ta fuskanci ƙofa da gwiwarsa. Ya saɓa tawul a kafaɗar hagu, ya karkata kai, ya tsaya yana jiran mai zuwa. Duk a hankali, kamar a cikin ruwa.

Direba ya miƙe tsaye. "Mai aski," ya ce, kamar yana gaishe shi.

"Innalillahi," in ji mai kitso. "Yaushe aka ɗauki marigayi?"

Na buɗe baki zan ce ni ne, kujera kawai nake gyarawa. Umma ta damƙe wuyan hannuna, idonta bai bar talabijin ba.

"Na san kai ne," ta ce yadda ni kaɗai zan ji. "Yi min shiru in gan shi."

Na yi shiru. Ni ma shi nake gani.

Kawu ya leƙa fuskokin mutane, ya ga hawaye, sai ya saki ƙofa ya dawo tsakiya yana gyara gyale.

"Kun gani? Na ce muku za a yi kuka! Da gangan na narkar da fuskar. Wannan salo ne da ko a ƙasashen waje..."

"Auta," in ji Umma, "mayar min da shi baya."

"An gama, Yaya. Yanzun nan." Ya ɗauki kyamara ya hau danne-danne. Wani rubutu ya fito a talabijin da hoton ɗan kwandon shara, yana tambaya a goge ko a bari. Babban yatsan Kawu ya ɗaga sama.

Ban taɓa sanin Tsohon Direba na iya tsalle ba. Ya dira a kansa, Tela ya kama hannun dama, mai ginin ya kama na hagu, mai kitso ta zauna masa a ƙafafu. Na zare kyamarar daga yatsunsa, na kashe ta, na ciro ɗan katin da ke ciki na sa a tafin Umma. Ta ƙulle shi a bakin mayafi, ƙulli biyu, ta ja da haƙori.

Daga ƙarƙashin Direba muka ji muryar Kawu, a shaƙe.

"Yaya... in za a nuna wa dangi... a dai faɗi wanda ya ɗauka."

"Za a faɗa," in ji Umma tana miƙewa. "Benci ne."